Riyal ɗin da Ba a Huda Ba

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
'Yata Nafisa ta sauka lafiya da hantsi, a asibitin Tanout. Mace. Na zama kaka, ni da har yau ake kira Mushe, wato malamin makaranta, kamar ban bar aji ba. Alhamdu lillahi.

Talata, 5 ga Nuwamba
Yaya Jummai ta iso daga Ollelewa. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Mushe, sai ka fiddo riyal ɗin Inna, a kai wa maƙeri kafin suna."

A gidanmu haka ake: duk 'yar da aka haifa, a huda mata riyal na azurfa, a zura zare, a rataya mata ran suna. Guda biyar kakanmu ya samo wurin fataken da ke ratsa Damargu. An huda huɗu. Na biyar yana cikin gwangwanina, tare da tsofaffin kuɗaɗen da na shekara talatin da wani abu ina tarawa.

Na ce zan duba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Na buɗe gwangwanin bayan la'asar. Dirhami mai rubutun Larabci da na samo a Belbeji. Lambar yaƙin wani tsohon soja. Sai shi: mace a fuska ɗaya, tsuntsu mai kai biyu a ɗayar, 1780. Ko gashin kanta bai goge ba. Duk wanda ya san abin nan ya san huji kashe masa daraja yake. Su kuwa gani suke ƙarfe ne kawai.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Na ce wa Yaya zan sai wa jaririya sarƙa sabuwa, wadda ta fi kyau. Ta dube ni sama da ƙasa. "Wadda ka sai wa uwarta?"



Juma'a, 8 ga Nuwamba
Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Wannan riyal na Nafisa ne. Da aka haife ta Inna ta danƙa mini shi da hannunta, ta ce in kai a huda. Na dawo na ce maƙeri ya yi tafiya. Bayan suna na ce sai an samu sarari. Inna ta tambaya sau biyu, ta daina. Har ta rasu. Duk matan gidanmu Nafisa kaɗai ta tashi wuya ba komi, kuma ba ta taɓa yi mini zancen ba. Ni na ɗauka ba ta damu ba. Ko dai haka na fi so in ɗauka.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na je barka. Ina shirin fita Nafisa ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Baba, in abin zai ɓata maka kayanka, a bar shi. Ni ma ai na girma."

Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na biya ta maƙerar Ɗanmalam. Gaisuwa kawai na je yi. Riyal ɗin yana aljihuna, ban san dalili ba.

Ya juya shi a tafin hannu, ya ce rabonsa da ganin marar huji tun zamanin babansa. "Ka tabbata, Mushe?" Na nuna masa gefen da ba rubutu. Na juya ina kallon titi har ya gama.

Litinin, 11 ga Nuwamba
Suna. An ci, an sha, an watse kafin azahar. Hujin ya ɗan karkace, amma ba laifi, zare ya rufe shi.

Na miƙa wa Nafisa don ta rataya wa yarinya. Sai ta fara zura shi a nata wuyan, ta dafe shi da hannu. Yaya ta kau da kai.

Ta ce, "Baba, ashe yana da nauyi."

Na ce ai azurfa ce. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.