An Ba Jika Saƙon Magani, Kaka Ta Ɗauka Tsokana Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ido, asibitin da aka yi wa kakata aiki.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'a? Allah Ya ƙara wa likita lafiya.

Sunana Buba, daga Limawa a nan Dutse. Kakata Hajja Dudu na fama da hawan jinin ido. Na hagu ya tafi tun muna ruga, na dama kaɗai ya rage mata. Ɗige-ɗigen magani suka kasa, kuka dasa mata ɗan siririn bututu a idon don ruwa ya riƙa fita. Aiki ya yi kyau, ban zo musun wannan ba. Kukana a kan abin da ya biyo baya ne.

Na ɗaya. Ranar sallama, ma'aikaciyarku ta ja ni gefe ta ce bututun shi kaɗai ba ya isa, dole Hajja ta ci gaba da ɗiga magani safe da yamma, in ba haka ba idon zai sake hawa. Ni aka gaya wa. Mai idon tana zaune a benci, ba wanda ya ce mata uffan.

Ranka ya daɗe, kai ma Bahaushe ne ko Bafulatani, ka san tsakanin jika da kaka. Ni ne mai ɓoye mata carbi. Ni na taɓa zuba mata gishiri a fura na ce sabon sukari ne. Da na isar da saƙon, dariya ta yi har da tafi, wai wanda aka yanka ya warke me zai yi da magani, wai so nake ta yi ta hawaye in samu abin dariya. Na rantse, ta ce rantsuwata ta fi gishirin nan araha. Ta jefa kwalbar maganin cikin kwalla.

Na biyu. Takardar da aka ba mu da Turanci take. Ni allo na yi. Ku ba ni ajami ku ga gudu, amma wannan ko kawuna ya juya ta sama da ƙasa ya haƙura. Da an rubuta yadda Hajja za ta sa malamin unguwa ya karanta mata, da ba ta ƙaryata ni ba.

Sai da ciwon kai ya kwantar da ita, ta fara laluben butar alwala da ƙafa, muka dawo. Likita ya auna, ya yi mata faɗa da bakinsa. Nan take ta yarda. Ganin da ta rasa a tsakanin, an ce ba ya dawowa.

Don haka ina roƙo, kuma na san ba abu ne mai wuya ba. A gaya wa marar lafiya da kansa, da Hausa ko Fulatanci, cewa aiki da magani tare suke tafiya. A ɗaura lokacin ɗigawa da salla, Asuba da Magariba, tsofaffinmu ba sa manta waɗannan. A sa ajami a takarda. Sannan a riƙa tambayar ɗan rakiya me yake ga marar lafiya. In ya ce jika, a nemi wani shaida.

Yanzu ni ke ɗiga mata. Jiya ta ƙura min ido ta ce har yau ban yi kyau ba, ba za ta aure ni ba. Munin nan nake so ta ci gaba da gani.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare maka naka idanun, Ya ba ka jikoki irina.

Wassalam.
Buba, jikan Hajja Dudu.