Ƙadangaren Ratri

Penang, Lahadi. Tarin ya lafa, saura ƙafa.

Ƙanwata Sumirah, ya gida, ya shinkafar bana?

Lafiya nake, kada ki damu. Jikata Ratri ta bar mini akwatunan gilashi uku da za ta koma jami'a: na tsirrai, na kwaɗi mai rabi ruwa, da na ƙadangaren hamada mai yashi zalla. Ta ce, "Tsoho, wannan ko ɗigo! Na san halinka."

Manomin shinkafa ba ya iya kallon busasshiyar ƙasa. Kullum nakan ɗan yayyafa masa. Jiya na binne shi. Na faɗa mata a waya. Kada ki gaya wa kowa.

Aiko mini man zafi. Allah ya ƙara lafiya.

Yayanki, Wagiman

Ratri ta ce yau za ta zo. Ayabar da na soya mata ta huce, ba ta zo ba.