Ɗakin Saman Bene a Suwaidi

Lahadi, 3 ga Afrilu, 2016

Bizar Inna ta fito. Na kira ta a Jibiya da murnata, ta bari na gama zuba sannan ta ce, “Ke, ɗaki nawa ne gidan naku?” Na ce ciki da falo. Wai ita ba ta kwana bango ɗaya da suruki, kuma ba za ta zo ta fitar da namiji daga ɗakinsa ba. In babu wuri a bari, Allah ya sauke ni lafiya.

Shekara shida ina jiran cikin nan. Likita ta hana ni hawa jirgi, balle in tafi gida goyon ciki. In Inna ba ta zo ba, wa zai yi mini wankan jego a nan unguwar Suwaidi ta Riyad? Mijina, Malam?

Talata, 5 ga Afrilu

Malam ya samu mai gidan da muke haya, Abu Nasir. Ya yarda a ɗora ɗaki a saman bene, inda nake shanya, gefen tankin ruwa. Larabawan nan mulhak suke ce wa irinsa. Sharaɗinsa ɗaya, kada a jawo masa baladiya, hukumar da ke rushe ginin da ba izini.

Juma’a, 8 ga Afrilu

Saidou magini, ɗan Damagaram, ya zo bayan masallaci. Suna falo ina kicin, na bar ƙofa a buɗe kaɗan.

Iri uku ya kawo. Na bulo da siminti shi ya fi sanyi, amma yana da nauyi, kuma sai mai gida ya nemo takardar izini da sunansa, abin wata biyu ko uku. Na fanal, wato ƙarfe biyu da soso a tsakani, kwana huɗu an gama, ranar da aka ga dama a kwance shi, sai dai ba ya zaunuwa sai da AC. Na ƙarshe kwano zalla, shi tol yake ce masa. Ya ce, “Wanga kam, Malam, ko akuyata ban sa ta ciki a watan Yuni.”

Malam ya ce fanal. Ko leƙowa bai yi ya ji ta bakina ba.

Asabar, 9 ga Afrilu

Mun yi faɗa da Malam. Na ce uwata za ka sa a akwatin ƙarfe kamar tumatirin kasuwar Aziziya? Matar da a ɗakin ƙasa ta girma, AC kuma tayar mata da ciwon gwiwa yake yi. Ni bulo nake so. Ya ce, “Muhibba, lokaci fa. Kafin izini ya fito kin haihu.” Na ce da tasa mahaifiyar ce da ya samo lokacin.

Ya ɗauki makullin mota ya fita. Wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Laraba, 13 ga Afrilu

Na sauka wajen matar mai gida da ɗan Larabcina na kasuwa, ko za ta sa baki a nemo izinin. Ta ba ni gahawa da dabino, ta shafa cikina, ta ce mijinta ba ya taka ofishin baladiya ko da ɗaurin aure ake a ciki. Bulo ya mutu ke nan.

Litinin, 18 ga Afrilu

Hawan jini ya ɗan tashi. Likita ta ce in rage tunani. To.

Lahadi, 24 ga Afrilu

An fara aiki. Na tsaya a bakin matakala na duba: babu taga, sai ’yar kafa mai kallon tanki. Na yi wa Malam magana, ya ce a bar shi haka.

Inna ba ta barci a ɗakin da ba taga, na san wannan tun ina goye da ƙannena.

Litinin, 25 ga Afrilu

Da Malam ya tafi aiki na hau. Matakala ashirin da biyu, sai da na huta sau biyu. Na ce wa Saidou Malam ya ce a yanka taga ta gabas, babba. Ya cire hula ya sosa kai. “Hajiya, ƙasag ga ba a buɗe taga hakanan.” Na ce ai ba shawara na zo nema ba.

Ya yanka. Iska ta shigo, na ji daɗi. Ƙaryar kuma na ce Allah ya yafe, don uwata na yi.

Laraba, 27 ga Afrilu

Innalillahi.

Maƙwabcin bayanmu ya zo da la’asar, yana dukan ƙofar Abu Nasir kamar zai karya ta. Ashe ɗakin ya ɗara katangar saman bene tsawo, tagar kuma kai tsaye take kallon tsakar gidansa, inda matarsa da ’ya’yansa mata ke zama ba lulluɓi. A Jibiya wa ya damu da tagar wani? Nan kuwa kamar ka leƙa mutum a banɗaki ne. Ya ce ran Lahadi da safe yana ofishin baladiya.

Abu Nasir ya hawo yana huci, ya ce a kwance ɗakin duka.

Ina bayan labule. Malam ya dubi Saidou, Saidou ya dubi ƙasa. Sai na ji Malam ya ce da Larabci, “Ni na sa a yanka. Kuskurena ne.”

Garin neman gira na rasa ido.

Alhamis, 28 ga Afrilu

Bai tambaye ni ba. Ya ci tuwonsa ya ce an gode. Na so ya yi faɗa ko na samu abin riƙewa.

Inna ta kira, wai ta sayi kanwa da kayan yaji, ta ɗaure kaya ko ta dakata? Na ce ta ɗan dakata. Da na ajiye wayar na yi kuka sosai.

Asabar, 30 ga Afrilu

Malam ya ɗauki limamin unguwa sun je ban haƙuri. An daidaita: a toshe tagar, a kuma rage tsawon ɗakin ya koma daidai katanga, kada a hango shi daga ko’ina.

Talata, 3 ga Mayu

An gama. Na hau na gani. Ni ma da gajartata ina taɓa rufin da tafin hannu. Duhu, ga warin fenti, ga tsohuwar AC tana nishi. Na sauko na ce wa Malam wallahi ba zan sa Inna a nan ba, gara ta zauna a gida.

Ya ce, “Wa ya ce miki Inna zan ɗora a can? Da wannan gwiwar tata? Tun farko nawa ne. Ita da ke kuna ciki.”

Na ce me ya hana ka faɗa?

Ya ce, “In kin sani, za ki iya ɓoye mata a waya? Kin ji abin da ta ce.”

Ba zan iya ba, gaskiya ne. Shi kuma da tsawonsa kamar falwaya, ni na jawo masa ɗakin da sai ya sunkuya.

Alhamis, 5 ga Mayu

Na ce wa Inna an gama ɗaki. Iyakar abin da na ce ke nan.

Alhamis, 19 ga Mayu

Ta iso. Malam ya gaishe ta daga bakin ƙofa a durƙushe, ita ta juya fuska ga bango tana amsawa, ya haye sama. Ta ce ina ɗakin nata? Na nuna mata namu. Ta dubi gadon, ta dube ni.

Lahadi, 22 ga Mayu

Ina wanke-wanke na neme ta na rasa. Ashe ta ja gwiwar nan ta hau, da rana tsaka. Ta sauko tana gumi, ta zauna a kan jakarta da har yau ba ta kwance ba. Na ce shi ke nan, komawa za ta yi.

Ta ce, “Ke, mutumin nan ko miƙewa ba ya yi a ciki.” Na ce laifina ne, na gaya mata komai. Ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina budurwa. Can ta ce in ta koma yanzu ta zubar masa da wahalarsa a ƙasa. Ta ce in miƙo mata wuƙa ta yanke igiyar jakar.

Juma’a, 27 ga Mayu

Inna ta dama mini kunun kanwa na gwaji, ta matsa mini ƙafa, tana ta labarin mutanen gida. Duk abin da na roƙa na samu.

Bayan masallaci na ji takunsa a sama. Daga ƙofa zuwa katifa taku uku ne, sai shiru. An ce zafin yau ya kai arba’in da huɗu. Na aika da zoɓo mai ƙanƙara, wato na kai da kaina, Inna ta yi kamar ba ta gan ni ba.

Zamanta wata uku ne. Na duba kalanda ɗazu, saura kwana tamanin da biyu ya sauko. Ban san abin da ya sa na duba ba.