Fuskar Stijn a Walimar Alloli

Anti Lutgard, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

A gidanmu na Antwerp, a ƙasar Beljiyam, akwai wani zane a kan faifan jan ƙarfe, tun kakannin kakanni yake rataye saman teburin cin abinci. Allolin tatsuniyoyin Girkawa ne a wajen walimar biki, ga inabi, ga ƙaguwa, ga jarirai masu fukafukai suna watsa furanni. An ce ya haura shekara ɗari huɗu. Mun taso muna shan miya a ƙarƙashinsa, ba wanda ya damu da shi.

Bana yayana Koenraad ya kai shi wajen mai gyaran zane, don gidan tarihi na so mu ba su. Matar ta haska fitila ta ce fuskar ɗaya daga cikin jariran sabon fenti ne, wani ya shafa a kan aikin mai zanen. A sana'arsu kankare irin wannan ake yi, gidan tarihin ma ba zai karɓa ba sai an cire.

Da na faɗa wa Baba, sai ya gaya mini gaskiya. Ashe marigayiya Mama ce ta zana. Fuskar Stijn ce, ɗansu na fari, wanda ya rasu yana wata biyar, kuma ko hotonsa ɗaya babu. Koenraad ya ce Mama ɓarna ta yi, a ɗauki hoto a kankare. Baba ya ce mu yi yadda muka ga dama, amma ya daina cin abinci a teburin. Ni ma na ga fuskar ta ɗan karkace, Mama ba gwana ba ce. Duk da haka zuciyata ta ƙi. Son rai ne ke damuna?

Ƙanwar Stijn

Ƙanwar Stijn,

Yayanki bai yi ƙarya ba. A ƙarƙashin fentin nan akwai hannun wani gwani da ya cancanci a gani, mai gyaran kuma aikinta take yi. Kada ki mayar da su abokan gaba.

Amma hoto ba zai maye gurbin abin da mahaifiyarku ta shafa da hannunta ba, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Dattijon da ya ce ku yi yadda kuka ga dama, sannan ya ƙaurace wa teburinsa, ai ya riga ya ba ku amsa.

Ki nemi matar ta wanke sauran zanen, ta bar fuskar. Ki zauna da Koenraad cikin lalama, ki ce masa ba hanawa kika yi ba, jinkiri kike roƙo. Ku mayar da zanen bangonsa a makon nan, ki dafa abin da Baba ya fi so. Gidan tarihi zai iya jiran wasu shekaru, mahaifinku ba shi da su da yawa.

Allah ya ji ƙan Mama da Stijn, ya haɗa kanku.

Anti Lutgard