Jan ƙyallen bayan jirgi

Asabar, 5 ga Oktoba 2024, Lyon

Na je ɗan gidan tarihin jiragen sama da ke bayan gari. Ga shi kuwa, tsohon jirgin da Baba ke ba mu labari: shi ke jan dogon jan ƙyalle a sama da igiyar ƙarfe, sojojin ruwa na koyon harbi a kansa daga teku. Ƙyallen ma yana rataye, duk faci. A allo an jera matuƙa da makanikai tun daga na farko. Tela ko ɗaya babu. Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana toshe ramukan harsashin nan da allura! Sai na ga sunansa, Daouda, a allon nan, ko ana ha-maza ha-mata.

Talata, 8 ga Oktoba

Shugaban gidan, wani tsohon matuƙi mai gashin baki, wai: "Kina da papier, madame?" Takardar shaida yake nufi. Wai telolin 'yan aikin rana ne, ba a ajiye sunayensu ba. Na ce to facin aljanu suka yi? Ya yi ja kamar ƙyallen nasa. Daga ƙarshe ya yarda: in Baba ya zo ya nuna ɗinkinsa, za a rubuta.

Laraba, 9 ga Oktoba

Shekara shida ina ce wa abokan aikina a Saint-Fons babana "ma'aikacin jirgin sama" ne. Ai ban yi ƙarya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, Paris

Na tarar da Baba kan keken ɗinkinsa a unguwar Goutte d'Or, zare a baki. Ko ɗagowa bai yi ba. "Uwata, me zan yi da allo?" Na ce haƙƙinka ne, Baba. Sai ya shiga labarin yadda su biyu suka zo daga Damagaram, shi da marigayi Moutari, suna yi wa ƙyallen Nasara faci da irin ɗinkin hular gida, don shi kaɗai iska ba ta farkewa. Na sha jin wannan. Tikiti dai na saya, zai je.

Asabar, 26 ga Oktoba, Lyon

Haushi kamar ya kashe ni.

Ya sa babbar rigarsa, ya sa tabarau. Aka sauko masa da ƙyallen. Mai gashin baki har ya zare biro. Baba ya juya bayan facin, ya bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sai ya ce: "Ba hannuna ba ne. Dubi inda ya karkata, ɗinkin bahago ne. Na Moutari ne."

Na ce masa da Hausa, ƙasa-ƙasa, Baba, wa zai sani? Ya ce: "Ni."

Bai saki ƙyallen ba. Ya ce ranar da aka binne Moutari can kudancin Faransa, mutum huɗu ne a kansa, har da liman. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai yau, kuma a gaban Bature. Shugaban ya tambayi yadda ake rubuta sunan. Ni na rubuta masa, cike da fushi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban kira Baba ba. Shi ma bai kira ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Litinin, 4 ga Nuwamba

An turo hoton allon. Can ƙasa: Moutari, tela. Na tura wa Baba, ya aiko da murya, addu'a kawai yake yi.

Ban huce ba, kada ma a ɗauka. Ƙyallen Baba yana wani ɗakin ajiya a ƙasar nan, kuma sai na tono shi.

Da rana wata sabuwar ma'aikaciya ta ga hoton a wayata, ta ce me babanki yake yi? Na ce tela ne. Bakina ne ya riga ni.