Katakon da Injina Ya Sassaƙa

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna, yaya ƙarfin jikin Baba? Ina fata ruwan gulbin Rima bai taɓa albasarku ba bana. Ni nan Fatakwal sai godiya, jiki dai ya gaji.

Injin sassaƙar nan da kunka riƙa yi mani dariya a kai ya tashi. 'Yan injinan da ke juya shi daga matattun firintoci masu buga takardu na ciro, ƙafafunsa ƙarfen tsohon gado ne na 'yan bola jari. Kwamfuta ke ba shi zane, shi kuma shi bi katako. Ranar da ya fidda zanen ƙyauren gidanmu na Wurno, na waiga in ce, "Yaya, duba!" Sai bango.

Ban manta ba, Baba ya ce abin da hannu bai wahala a kansa ba, ba sassaƙa ba ne. Maganar ta ci ni, amma shina da gaskiyarsa: wajen lanƙwasa injin na kaucewa, sai da na bi da wuƙa.

Na ba wani direban Goronyo katakon da injin ya yi wa zanen ƙyauren, shi kawo maka. Tun da Baba ba ya gani yanzu, sa mashi a hannu, kar ka ce mi ya sassaƙa shi. Ka san in aiki ya yi mashi, shiru yake yi shina shafawa da babban yatsa. In ya yi shirun nan, zan tattaro in dawo gida. In ya ajiye, faɗa mani, kar ka ɓoye.

A sa ni cikin addu'a. Gaida Inna da yara.

Ƙaninka,
Sani