Hannuwan Yaya a Allo

Litinin, 5 ga Mayu

Ta sake daskarewa. Shekara tara ina tace bidiyo da kwamfutar nan ta kan tebur, ba ta taɓa ba ni kunya irin ta yau ba. Ƙungiyar kurame ce ta ba mu aikin: darasi goma sha biyu na kafinta, Yaya, da yake kurma ne, ya yi bayani da maganar hannu, ni in tace in sa rubutu a ƙasa. Su suka aro mana kyamara, irin mai kamo har ƙurar katako. To, ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata. Yaya ya ɗaga hannu, hoto ya tsaya cak, fanka ta yi ta kuka, kafin ya motsa hannun ya riga ya sauka. Abin da ya faɗa a tsakani, oho. Cikewa nake yi da ka.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe murfin ya hura, muka yi ta tari. "Malama, wannan ai ta gama bautarta," in ji shi. Ya ce hanya biyu ce: a ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, da katin hoto ta ja shekara guda tana ɗingishi, ko in haƙura in nemi sabuwa. Na ce a ƙara. A kanta na koyi aikin nan, na san duk halinta.

Alhamis, 8 ga Mayu

An ƙara. Ta ɗan yi sauri. Ɗan.

Asabar, 10 ga Mayu

Na nuna wa Yaya darasi na farko. Ya harɗe hannu ya kalla har ƙarshe, sannan ya ƙwanƙwasa rubutuna a allo, ya girgiza kai: ba haka na ce ba. Na nuna masa kwamfutar, na ce ita ce ke cinye maganar. Ya yi murmushi ya koma shago. Inna daga tsakar gida: "Ke da yayanki har sai an nemo muku tafinta?" Na yi dariyar yaƙe.

Talata, 13 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na koma wurin mai gyara da ƙorafi. Bai yi musu ba, ya ce in kawo bidiyon mu sa a tasa, wata babba da ya haɗa wa kansa. Muka sa darasi na uku, inda Yaya ke bayanin yadda ake goge katako.

Subhanallahi.

Hannuwan nan da nake gani tun ina rarrafe, yau na fara ganinsu. Ba tsalle, ba yankewa. Yatsunsa suna tafiya kamar ruwa a kan dutse, kuma ashe ba hannu kaɗai ke magana ba. Gira na yi, kafaɗa na yi. In katakon mai kauri ne sai ya cika kumatu da iska. Ya shafa iska ya bi layin itacen, fuskarsa ta yi laushi. Ya juyo ta baya, hancinsa ya tattare, hannun ya yi tuntuɓe. Sai ya zama kyanwa, wallahi kyanwa, wadda aka shafa gashinta a baibai. Mai gyara ya rage gudun hoton. Garin katako yana sauka a hankali cikin hasken taga, yana ratsa tsakanin yatsun Yaya, ga tabon zarto a babban yatsa, ga jijiya tana motsi.

Mai gyara ya manta da ƙarfen walda a hannunsa. "Ikon Allah," ya ce. "Ni ban iya ba, amma na ji shi."

A ƙarƙashin duk wannan, abin da na rubuta: A bi layin katako.

Laraba, 14 ga Mayu

Da in ce laifin tsohuwar kwamfutar ne. Gaskiya rufa mini asiri take yi. Ko ido da ido rabin maganar Yaya nake kamawa, sauran in gyaɗa kai. Kawo ruwa, Inna na kira, ka ci abinci? Iyakar nan muke. Shi kuma ya sani, shi ya sa yake gajarta mini.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na sayi sabuwa. Mai gyara ya haɗa, ya zo ya kunna da kansa. Tsohuwar na sauke ta ƙarƙashin tebur, na lulluɓe ta da zane, ban iya fitar da ita ba tukuna. Yaya ya ɗora tafinsa a jikin sabuwar, ya jira, ya dube ni: wannan ba ta rawar jiki, kin tabbata tana da rai?

Juma'a, 23 ga Mayu

Ya kawo kujerarsa ya ajiye kusa da tawa. Tare muke yi yanzu, mun rushe darasi uku mun sake. Kwamfuta ta yi sauri, aiki ya ƙara daɗewa. In ban gane ba in tsayar da hoton in ce sake. Ya sake. Wani har sau huɗu. Ko sau ɗaya bai ɓata rai ba, ni ce ma ke zufa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na je shagonsa ɗaukar darasi na bakwai, sai da na isa na ga na bar kyamara a gida. Mantuwa ce, ina jin. Na zauna a kan benci, yana aiki yana ajiyewa yana ba ni labari. Wai ina jaririya shi ke goya ni in Inna na wanki, kuma ya fi kowa saurin sanin ina kuka, don ta bayansa yake ji, kamar an saka masa ƙudan zuma a riga. Ya yi kukan da kafaɗunsa, ya kwaikwayi kansa yana ɗan shekara bakwai yana jijjiga ni. Na yi dariya har da hawaye.

Shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa sanin wannan ba. Ya ce ya taɓa faɗa mini, sau biyu ma.

Ban koma gida ɗauko kyamarar ba.